Kalmar "Ambition" da Yadda Ake Amfani da Ita

Kowace shekara malamin Turanci yakan sa mu rubuta a kan "My Ambition", yawancinmu kuwa mukan fassara kalmar da "buri". Daidai ne, amma akwai saura.

Asalinta daga Latin ne, daga "ambire", watau zagayawa. A Roma ta dā, mai neman muƙami yakan zagaya gari yana roƙon mutane su zaɓe shi. Saboda haka tun farko kalmar tana da warin neman girma. Waɗanda suka karanta Julius Caesar na Shakespeare za su tuna cewa laifin da Brutus ya ɗora wa Kaisar ke nan.

A Hausa mun raba abin biyu. Akwai buri da himma, akwai kuma kwaɗayin mulki da dogon buri. Bature ya zuba su duka a ƙwarya ɗaya, sai mai sauraro ya lura da zancen. Yarinyar Kalgo da take so ta shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, in an ce da ita "ambitious", yabo ne.

Ɗaya fuskar kuwa, tarihin Gwandu ya nuna mana ita. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga waɗansu abokan jihadi sun koma neman sarauta da dukiya. Ransa ya ɓaci, ya bar rundunar da nufin tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsai da shi. A can ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda ya kamata a yi mulki. Abin da ya guje wa, shi ma "ambition" ne sunansa a Turanci. Shi kansa malamin fa yana da babban buri, amma na ilimi.

Don haka mu yi hankali. Kada mu rubuta wa shugaban makaranta ko wani dattijo cewa shi "ambitious" ne muna nufin yabo, gama yana iya ɗauka mun ce yana haƙon kujerar wani. "Hard-working" ta fi aminci.

Sai kuma kuskuren da ke cinye mana maki a jarrabawar WAEC. "Ambition" suna ne, "ambitious" kuwa sifa. Ba a cewa "my ambition is doctor". Sai a sa "to" da aikatau: "my ambition is to become a doctor".