KUƊI A BAKIN KIFI: RANAR DA ƊAN SARKI YA BIYA HARAJI

Karatu: Matiyu 17:24-27

Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin nan huɗu a hankali. In kuna tare da iyali ko ƙungiyar nazari, wani ya karanta da ƙarfi domin kowa ya ji.

Yesu da almajiransa sun komo Kafarnahum. Masu karɓar harajin Haikali suka tare Bitrus, suka tambaye shi ko malaminsu yana biya. Bitrus ya amsa cewa yana biya. Da ya shiga gida, tun bai buɗe baki ba Yesu ya riga shi magana, ya tambaye shi wurin wa sarakuna suke karɓar haraji, wurin 'ya'yansu ko wurin sauran jama'a. Bitrus ya ce wurin sauran jama'a. Yesu ya nuna masa cewa ashe babu haraji a kan 'ya'ya. Duk da haka, domin kada su zama sanadin tuntuɓe, ya aike shi bakin teku da fatsa. Kifin farko da zai kama, a bakinsa zai tarar da tsabar kuɗi wadda za ta biya musu su biyu.

Matiyu ne kaɗai ya rubuta wannan labari. Ba abin mamaki ba ne, gama shi kansa mai karɓar haraji ne a Kafarnahum kafin Yesu ya kira shi (Matiyu 9:9).

Wane haraji ne wannan?

Kada ka haɗa shi da harajin Kaisar na Matiyu 22:15-22. Wancan na gwamnatin Roma ne. Wannan kuwa kuɗin Haikalin Urushalima ne, tushensa yana cikin Fitowa 30:11-16. A can Allah ya umarta cewa idan an ƙidaya Isra'ilawa, duk namijin da ya kai shekara 20 ya ba da rabin shekel a matsayin fansar ransa. Mai arziki ba ya ƙarawa, matalauci ba ya ragewa. A zamanin Nehemiya jama'a suka ɗaukar wa kansu biyan sulusin shekel kowace shekara (Nehemiya 10:32). A zamanin Yesu ana biyan rabin shekel duk shekara, har Yahudawan da suke zaune a ƙasashe masu nisa suna aikawa da nasu. Da kuɗin ake sayen dabbobin hadayar safe da ta yamma, da sauran bukatun sujada.

Rabin shekel daidai yake da drakma 2, wato kusan ladan lebura na kwana biyu. Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200, ya ce akan yi shela ran 1 ga watan Adar, a kafa tebura a garuruwa ran 15, a cikin Haikali kuma ran 25, wato gab da Idin Ƙetarewa. Kuɗin da hukumar Haikali take karɓa na birnin Taya ne, saboda kyan azurfarsa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa akwai 'yan canji a farfajiyar Haikali. Tsabar da Yesu ya ce za a samu a bakin kifi drakma 4 ce, cikakken shekel guda, kuɗin mutum biyu cif, babu ragi babu canji.

Ka kuma sani, ba dukan Yahudawa ne suka yarda da biyan kowace shekara ba. Jama'ar Kumran, waɗanda aka fara gano littattafansu a kogunan gefen Tekun Gishiri a 1947, sun ce sau ɗaya mutum zai biya a dukan rayuwarsa. Saboda haka tambayar da aka yi wa Bitrus tana da nauyi. So ake a san ko wannan malami yana girmama gidan Allah.

Yadda masu bi suka fahimci labarin

Tun ƙarnukan farko malaman ikilisiya suke nazarin wannan nassi, kuma ba duka suka tsaya a wuri ɗaya ba.

Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya lura cewa ba a cikin gidan Yesu aka sami kuɗin ba, a cikin teku aka samo shi. Ya kamanta kifin da mutum mai son kuɗi, wanda ba shi da zance a bakinsa sai na dukiya. Bitrus mai kama mutane ya kamo shi da maganar bishara, ya cire masa kuɗin daga baki.

Yohanna Kirisostom, mai wa'azi a Antakiya a ƙarshen ƙarni na 4, ya ɗauka kuɗin fansar 'ya'yan fari ne. Ya mai da hankali a kan ikon Yesu bisa teku, da kuma girman da aka ba Bitrus da aka haɗa shi da Ubangiji cikin biya ɗaya. A ganinsa, wannan ne ya sa nan da nan almajirai suka fara tambayar wane ne babba (Matiyu 18:1). Masanan Katolika da yawa suna ganin matsayi na musamman na Bitrus a nan. Masu bi na ikilisiyoyin bishara kuwa sukan ce Bitrus yana tsaye ne a madadin kowane almajiri.

Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya yi tambayar da wataƙila kai ma ka yi. Ai akwai jakar kuɗi a hannun Yahuza (Yohanna 12:6), don me ba a biya daga ciki ba? Amsarsa ita ce, Yesu bai ga ya dace ya kashe wa kansa abin da aka ajiye domin matalauta ba. Ma'ajin ikilisiya da fasto, wannan maganarku ce.

Daga baya wasu shugabannin ikilisiya a Turai suka kafa hujja da zancen 'ya'yan sarki, suka ce bai kamata ma'aikatan ikilisiya su biya wa hukuma haraji ba. Yohanna Kalbin, a ƙarni na 16, ya ƙi wannan fassara ƙwarai. Ya ce 'yancin da muke da shi cikin Almasihu ba ya fitar da kowa daga ƙarƙashin dokar ƙasa.

Akwai kuma waɗanda suka ce babu mu'ujiza a nan. A ganinsu Yesu yana cewa ne Bitrus ya koma sana'arsa, ya kama kifi ya sayar ya biya. Suna kafa hujja da cewa Matiyu bai ba da labarin tafiyar Bitrus bakin teku ba. Gaskiya ne labarin ya ƙare a kan umarnin. Amma Yesu ya ambaci kifin farko, da bakinsa, da adadin kuɗin. Wannan ba maganar ciniki ba ce. Matiyu ya bar zancen a nan domin ya san abin da Yesu ya faɗa yakan cika. Har yau a bakin Tekun Galili ana soya wa baƙi wani irin karfasa da ake kira kifin Bitrus, ko da yake nassi bai faɗi irin kifin ba.

Wani abu kuma ya faru da ya ƙara wa labarin nauyi. A shekara ta 70 sojojin Roma suka rushe Haikali. Sarki Besfasiyan ya umarta Yahudawa su ci gaba da biyan drakma 2 ɗin nan, amma yanzu ga haikalin gunkin Jufita a Roma. Masu bi Yahudawa da suka karanta Bisharar Matiyu a waɗannan shekaru sun san zafin biyan kuɗin da zuciya ba ta so.

Darasi na ɗaya: kai ɗa ne a gidan

Ma'anar misalin Yesu a fili take. Haikali gidan Allah ne, Allah shi ne Sarki, Yesu kuwa Ɗansa ne. Ba a taɓa jin dogari ya tare ɗan sarki a ƙofar fada yana neman kuɗin shiga ba. Tun a Matiyu 12:6 Yesu ya nuna cewa ya fi Haikali girma. Abin farin ciki shi ne, bai tsaya a kan kansa kaɗai ba, ya yi maganar 'ya'ya, ya jawo Bitrus ciki.

Ka tuna kuɗin nan na fansar rai ne. Ka kuma duba ayoyi biyu da suke gaban labarin (17:22-23). A nan Yesu ya faɗa wa almajirai cewa za a bashe shi, a kashe shi, ya tashi a rana ta uku. Wanda ake bi bashin rabin shekel na fansa, shi ne yake kan hanyar Urushalima domin ya ba da ransa fansa. Bayan shekaru, Bitrus ɗin nan ya rubuta cewa azurfa da zinariya ba su ne suka fanshe mu ba, jinin Almasihu ne (1 Bitrus 1:18-19).

Ɗan'uwa, wannan ya shafi yadda kake ba da zakka da baiko. Idan kana bayarwa cikin tsoro, kamar mai biyan tara don kada Allah ya kama shi, ba ka gane matsayinka ba tukuna. Ba a sayen gafara, ba a sayen warkarwa. Duk mai wa'azin da ya sa maka farashi a kan albarkar Allah, yana karɓar haraji ne daga 'ya'yan Sarki. Ɗa yakan kawo abin da ya samu gida domin gidan nasu ne, da farin ciki kuwa (2 Korantiyawa 9:7).

Darasi na biyu: mai 'yanci yana iya sunkuyawa

Yesu yana da gaskiya, yana da hujja, amma ya biya. Da ya ƙi, masu karɓar kuɗin ba za su ce ai Ɗan Allah ne ba. Za su ce wannan mutum ya raina Haikali, su toshe kunne ga sauran maganarsa. Bai yarda a rufe ƙofar bishara saboda ladan kwana biyu ba. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ga Ɗan Sarki na gaske ya ajiye hakkinsa saboda rayukan mutane.

Amma ka lura, ba kullum Yesu yake guje wa ɓacin ran mutane ba. A Matiyu 15:12-14, da aka ce masa Farisiyawa sun ji haushin koyarwarsa, bai janye ko kalma ɗaya ba. Bambancin shi ne, a can gaskiyar Allah ake so a taɓa, a nan kuwa aljihunsa ne da hakkinsa. Manzo Bulus ya bi wannan sawu. Ya yi wa Timoti kaciya domin Yahudawa su saurare su (Ayyukan Manzanni 16:3), amma ya ƙi a tilasta wa Titus, gama a lokacin ana so a mai da kaciya sharaɗin ceto (Galatiyawa 2:3-5).

Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin. Mukan yi shiru inda ya kamata mu shaida Almasihu, mu ta da jijiyar wuya a kan 'yan kuɗi kaɗan. Idan unguwa ta yi karo-karo don gyaran rijiya ko makaranta, mai bi ya kamata ya kasance cikin na farko. Idan mai karɓar kuɗin kasuwa ya zo rumfarka, ko lokacin haraji ya yi, wanda wasu suke kira lanho, ka biya ba tare da ɓoye-ɓoye ba (Romawa 13:6-7). Maƙwabcinka wanda bai taɓa shiga majami'a ba yana kallon yadda kake riƙe kuɗi. Inda aka ce ka yi sujada ga wani ban da Allah, ko ka yi mūsun Ubangijinka, a nan ne za ka tsaya ƙyam.

Darasi na uku: Allah yana tanadi, kai kuma ka ɗauki fatsa

Dubi talaucin Yesu: ba shi da rabin shekel a hannu. Dubi kuma ikonsa: ya san tsabar da take cikin ruwa, ya san kifin da ya ɗauke ta, ya san lokacin da zai zo bakin fatsa. Duk da haka bai sa kuɗin ya faɗo a tafin hannun Bitrus ba. Ya aike shi ga aikin da ya saba, a tekun da ya sani. Manomi ya tafi gona, tela ya hau keke, mai tuya ta hura wuta, a nan Allah yakan sadu da bukata.

Abin da aka samu kuma daidai bukata ne. Ba a ce Bitrus ya koma kashegari yana buɗe bakin kifaye ba. Kada kowa ya ruɗe ka da alkawarin kuɗin mu'ujiza. Ubangijin da ya koya mana roƙon abincin yini, shi ne ya ba da shekel guda domin bashin shekel guda.

Wataƙila yau kai ma ana bin ka kuɗin makaranta, ko na haya, ko na magani, hannunka kuwa wayam. Tun Bitrus bai yi magana ba Yesu ya san abin da yake damunsa. Ya san naka ma. Ka faɗa masa, sa'an nan ka tashi ka yi abin da yake gabanka.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa mai arziki da matalauci suke biyan kuɗi ɗaya a Fitowa 30:15? Me wannan yake koya maka game da darajar rai?

2. Lokacin da kake ba da baiko, wane tunani yake zuciyarka, na ɗa ko na wanda ake bi bashi?

3. Akwai wani hakki naka da kake riƙewa wanda yake hana wani sauraron bishara daga bakinka?

4. Kwatanta Matiyu 15:12-14 da Matiyu 17:27. Yaya za ka gane lokacin tsayawa da lokacin sassautawa?

Addu'a

Ya Uba, na gode da ka mai da ni ɗa a gidanka ta wurin jinin Yesu. Ka koya mini bayarwa da farin ciki. Ka ba ni tawali'un barin hakkina domin wani ya sami ceto, ka ba ni ƙarfin hali in tsaya a kan gaskiyarka. Ka dubi bukatata ta yau, ka sa albarka a aikin hannuna. Cikin sunan Yesu, Amin.