Kalmar "Sorry" ta Ingilishi: Ma'anoninta da Matsalar Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmar "sorry" tana cikin kalmomin Ingilishi da ɗalibi yake haddacewa tun yana firamare, kuma galibi "yi haƙuri" kaɗai ake ba shi a matsayin fassararta. Wannan maƙala tana ganin fassarar ba ta wadatar ba, domin kalmar tana yin ayyuka aƙalla huɗu, waɗanda Hausa ta ware wa kowannensu nasa lafazin.

2.0 Asalin Kalmar

Ta fuskar nahawu, "sorry" sifa ce. Ta samo asali daga "sarig" ta tsohon Ingilishi, wadda tushenta "sar" yake nufin ciwo ko raɗaɗi. Ke nan ma'anarta ta asali ita ce jin zafi a rai, amsa laifi kuwa daga baya ya biyo.

3.0 Ma'anoni a Maganar Yau da Kullum

Ma'ana ta farko ita ce neman afuwa, kamar wanda ya taka ƙafar wani a cikin mota. A nan Bahaushe kan ce "yi haƙuri" ko "yafe mini", idan laifin babba ne ya ce "tuba nake".

Ta biyu ita ce jaje, inda mai magana ba shi da hannu a abin da ya faru, kamar rashin lafiya ko rasuwa. Hausa tana da "sannu" da "ashsha" da addu'o'i irin su "Allah ya ƙara sauƙi" da "Allah ya jiƙansa".

Ta uku ladabin zance ne. Idan aka furta kalmar da karin tambaya, ana neman a maimaita magana ne, daidai da "na'am?" Haka kuma akan yi shimfiɗa da ita kafin a ƙi wata buƙata.

Ta huɗu tana fitowa idan kalmar ta zo gaban suna, kamar "a sorry state", wato yanayi na abin takaici. A nan babu batun afuwa ko jaje.

Ingilishin Nijeriya ya faɗaɗa ma'ana ta biyu. Idan mutum ya yi tuntuɓe, na kusa da shi kan ce "sorry", alhali Bature zai iya ɗaukar cewa afuwa ake nema, har ya amsa da cewa ai ba laifin mai magana ba ne. Wannan tasirin harsunan gida ne, wato "sannu" ta Hausa da "pele" ta Yarabanci da "ndo" ta Ibo.

4.0 Bambancin Gini

J. L. Austin, a littafinsa na 1962 kan yadda ake aikata aiki da magana, ya nuna cewa "I apologize" aikata neman afuwa ne kai tsaye, amma "I am sorry" rabinta bayanin halin zuciya ne. Lafuzan Hausa kuwa, irin su "yi haƙuri" da "yafe mini", sigar umarni gare su, suna fuskantar wanda aka ɓata wa. Bature yana ba da labarin zuciyarsa, Bahaushe yana roƙon zuciyar ɗan'uwansa. Saboda haka Bature zai iya furta kalmar ba tare da ya ɗauki alhakin komai ba.

5.0 A Shari'a da Siyasa

Harshen damon da kalmar take da shi ya kai ga majalisun dokoki. A Ingila da Wales, wata dokar diyya ta 2006 ta tanadi cewa neman afuwa kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Lardin Ontario na Kanada ya yi makamanciyar dokar a 2009.

A Ostireliya, tun 1998 ake tunawa, a kowace ranar 26 ga Mayu, da yaran 'yan asalin ƙasar da hukuma ta raba da iyayensu. Firayim Minista John Howard ya ƙi neman afuwa da sunan gwamnati, ya tsaya ga nuna takaici a 1999. Sai ranar 13 ga Fabrairu, 2008 Kevin Rudd ya furta "sorry" a majalisa. Mai fassarar da ya kira duka biyun "ba da haƙuri" ya ɓoye wa mai sauraro ainihin abin da aka yi shekaru ana jayayya a kansa.

6.0 Kammalawa

Kafin a fassara "sorry", wajibi ne a tambaya: shin mai magana yana da hannu a abin da ya faru, kuma ya amince da hakan? Ya kamata masu tsara ƙamus da malaman fassara su jera ma'anonin kalmar bisa muhallin magana, kowace da misalinta, maimakon su rataya mata takwara guda.