Yajin Ido a Masana'anta

Ya ɗan'uwa ma'aikaci, kai da ke neman abinci a masana'antar sinadarai, tsaya ka ji labarin Bofal, wani birni a tsakiyar Indiya.

A da, kamfanin Union Carbide na da masana'antar maganin ƙwari a can. Daren 2 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga wani tanki na sinadarin MIC, wanda ba sa ga-maciji da ruwa. Tankin ya ɗau zafi, ya amayo wajen tan 40 na iska mai guba kan unguwannin talakawa, suna cikin barci. Gwamnatin jihar da Bofal ke ciki ta ƙidaya mamata 3,787. Waɗanda suka shaƙa kuwa sun haura 500,000.

To, ina na'urorin tsaro? Suna nan, amma sun zama hoto. Injin sanyaya tankin an kashe shi tun watanni. Bututun da ke ƙone iskar an kwance shi ana gyara. Har ta kai ma'aikata ba sa gane yoyo sai idonsu ya fara yaji da hawaye. Daren ma sun ji yajin, aka ce bari a sha shayi tukuna. Ba kuma rashin mai faɗa ba ne: tun 1982 ɗan jarida Rajkumar Keswani ke rubuta gargaɗi, aka yi kunnen ƙashi.

Kada ka ce Indiya nesa. Mai aikin jima a Sharaɗa ko Chalawa shi ma da guba yake yini. Idan ka ji wari baƙo ko ido ya yi yaji, sanar da shugaban aiki nan take, a kuma rubuta. Takunkumin ƙura ƙura kawai yake tarewa, iska mai guba ratsa shi take. Kada ka shiga tanki kai kaɗai, ko da an ce an wanke shi. In asid ya zubo maka, tuɓe rigar, ka sakar wa wurin ruwa na aƙalla minti 15. Manja da ɗanyen ƙwai da muke shafawa ba su da aiki a nan. In iska mai guba ta ɓalle, rufe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka dubi inda iska ke kaɗawa ka kauce mata, kada ka gudu tana bin ka.

A Nijeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kuɗin asusun mai kamfani ke zubawa, ba a cire ko kwabo daga albashinka.