Darasin Wannan Wata: Birai da Amfaninsu ga Daji

Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum. Birin da ya fi kowane kama da mutum shi ne cimfanzi. Ba shi da wutsiya. A Nijeriya ana samunsa a dajin Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa. Gwamnatin Tarayya ta mai da dajin gandun namun daji na ƙasa a 1991.

A shekara ta 2000, wani malamin jami'a daga Landan, Farfesa Volker Sommer, ya kafa aikin binciken birai a wannan daji. Masu binciken suna bin sawun birai, suna ƙirga sheƙar da suke kwana a kan itatuwa, suna duba kashinsu don sanin abincinsu. Sun ga cimfanzi yana amfani da tsinke wajen ciro zuma.

Bincike ya nuna cewa irin waɗannan birai suna raguwa. Dalilai uku ne: farauta, sare itatuwa da ƙona daji. Macen cimfanzi takan yi kamar shekara biyar kafin ta sake haihuwa. Mai kama ɗan biri don sayarwa kuwa, yawanci sai ya kashe uwar. Saboda haka dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta hana farautar cimfanzi da cinikinsa.

Mene ne ruwan manomin Kumbotso da wannan? Gaskiya ne biri ɓarnar masara da gyaɗa gare shi. Amma yana da amfani. Yakan ci 'ya'yan itace, ya kasayar da irin a wani wuri, sabon itace ya tsiro. Itatuwa su ne ke riƙe ƙasa a bakin kogi. A dajin Falgore akwai jan biri da gwaggon biri. Kogin Kano ya ratsa wannan daji, ya zuba a Dam ɗin Tiga, sannan ya haɗu da Kogin Calawa kusa da Tamburawa. Idan daji ya mutu, yashi zai cike kogi, mai noman rani ya rasa ruwa.

Manomi ya tsare gonarsa da kare da ƙarar gwangwani, kada ya sa guba. Kada kuma a sayi ɗan biri a kasuwa.

Tambayoyi
1. A wane daji ake samun cimfanzi?
2. Waɗanne abubuwa uku ke rage birai?
3. Ta yaya biri yake shuka itace?