Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Gano Dalilin Ƙarar Injin Tsohuwar Mota

Har yanzu tsofaffin motoci suna da babban amfani a karkara. Su ne ke kai hatsi kasuwa. Su ne ke ɗaukar mara lafiya da mai naƙuda zuwa asibiti. Misali ita ce Peugeot 504, wadda aka fi sani da fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna. An daina haɗa 504 yanzu, amma akwai sauranta a tashoshi da ƙauyuka.

Tsohuwar mota ba ta rasa ƙorafi. Wata rana injinta yakan yi wata siririyar ƙara mai tsinin gaske, ƙiiii, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Wannan ƙara gargaɗi ce. Direban da ya saurare ta da wuri zai kashe kuɗi kaɗan. Wanda ya yi banza da ita yana iya rasa injin gaba ɗaya, ko ya kwana a daji da fasinja.

Mataki na 1: A lura da lokacin ƙarar

Kafin a taɓa sifana, a fara sa kunne. Lokacin da ƙarar take zuwa shi ne ke nuna inda ciwon yake.

Idan tana zuwa da safe sa'ad da aka ta da mota, ko aka taka totur, ko aka kunna fitilu, to a zargi fanbel.

Idan tana zuwa sa'ad da aka taka kuloci, ta tafi idan aka sake shi, to boris ɗin kuloci ne ya gaji.

Idan sai an taka birki take zuwa, ba laifin inji ba ne. Birki ne ya cinye, kuma gyaransa ba ya jira.

Idan tana zuwa ne kawai lokacin da aka murɗa makulli, to kik ne, haƙoransa ba sa kamawa ko ba sa saki daidai.

Idan kuwa ba ta yankewa muddin inji yana aiki, to ko dai fanbel ne ko wani boris da ke gaban inji.

Mataki na 2: A duba fanbel

Fanbel ɗamara ce ta roba. Tana ɗauko ƙarfi daga inji ta juya fanka, da famfon ruwa, da na'urar cajin batir. Tana bi ta cikin wasu ƙananan gargarori masu rami da ake kira fuli. Idan ta yi sako-sako sai ta riƙa sulɓewa a kan fuli. Sulɓewar nan ce ke kawo ƙara. Yawancin ƙarar tsofaffin motoci daga nan take, kuma shi ne gyara mafi araha.

A kashe mota, a zare makulli, a bari inji ya huce. Sannan a danna tsakiyar fanbel da babban yatsa. Ya kamata ta lotsa kamar santimita 1, wato kusan kaurin yatsa. Idan ta wuce haka sosai, ta yi sako-sako.

A duba jikinta kuma. Idan ta tsattsage, ko gefenta yana ƙyalli kamar madubi, ko ta nutse can ƙasan ramin fuli, to ta gama aiki. Sai sabuwa. Idan an ga baƙin mai a jikinta, a nemo inda yake yoyo a toshe, don mai yana lalata roba.

Mataki na 3: Gwajin ruwa

A ta da mota, a tsaya nesa kaɗan, a yayyafa wa fanbel ruwa kaɗan. Idan ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, ko ta ƙaru nan take, to matsalar tana ga fanbel. Idan ba ta sake ko kaɗan ba, to wataƙila boris ne.

Mataki na 4: A gwada boris

Boris ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne da ke sa abu ya juya sumul. Idan man da ke cikinsa ya bushe, ko ƙura ta shiga, sai ya fara kuka.

A kashe mota, a kwance fanbel. A juya fulin na'urar caji da hannu. Mai lafiya yana juyawa shiru. Wanda ya lalace yana gurzawa kamar akwai yashi a ciki. Sannan a kama fanka a girgiza ta gaba da baya. Idan tana wasa, ko aka ga alamar ruwa yana tsiyaya a ƙarƙashin famfon ruwa, to famfon ya kusa mutuwa.

Ana iya ta da injin da ya huce ba tare da fanbel ba, amma kada a wuce minti 1. Idan ƙarar ta ɓace, ciwon yana ga fanbel ko abubuwan da take juyawa. Idan tana nan, to daga cikin inji take. Wannan aikin makanike ne.

Yadda ake ɗaure fanbel

A sassauta notunan da ke riƙe na'urar caji. A ja na'urar waje a hankali har fanbel ta miƙe. A ɗaure notunan, a sake gwadawa da yatsa. Kada a ɗaure ta tamau fiye da kima, domin hakan yana kashe boris. Sabuwar fanbel takan ɗan saki, saboda haka a sake duba ta bayan 'yan kwanaki.

Motar Volkswagen mai ƙusumbi, wadda injinta ke baya, ba ta amfani da ruwa. Iska ce ke sanyaya ta. Fanbel ɗinta ita ce ke juya fankar da ke hura iskar. Idan ta tsinke, inji yana ƙonewa cikin ɗan lokaci. Ana ɗaure ta ne ta hanyar rage 'yan siraran faifai da ke tsakanin ɓari biyu na fuli.

Abubuwan da za a kiyaye

1. Kada a kusanci inji mai aiki da babbar riga, ko rawani, ko carbi yana lilo. Fanka tana iya fizgar su tare da hannu.
2. Kada a shafa wa fanbel mai ko sabulu. Ƙarar za ta yi shiru na ɗan lokaci, amma sulɓewar ƙaruwa take yi.
3. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Tafasasshen ruwa yana ƙona fuska.
4. Idan jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, ko allurar zafi ta hau sama, a tsaya a duba fanbel.
5. Idan jar fitilar baƙin mai ce ta kama, a kashe inji nan take.
6. A ajiye fanbel ta biyu da sifana a cikin mota kullum.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin fanbel ɗaya bai kai kusa da kuɗin sauke inji ba. Direban da ya iya waɗannan gwaje-gwaje kuma, idan ya je gareji, zai gaya wa makanike daidai abin da ya ji da lokacin da ya ji shi. Ba za a saya masa kayan da motarsa ba ta bukata ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 3 fanbel take juyawa?
2. Santimita nawa ya kamata ta lotsa idan an danna ta?
3. Me ƙara take nunawa idan sai an taka kuloci take zuwa?
4. Don me aka hana buɗe lagireto yana da zafi?