Ido ke fara ciniki kafin baki

Ƴan uwa manoma da masu aikin garka, maza da mata, darasinmu na wannan karo a kan kasuwa yake. Mutum ya yi wata huɗu ko biyar yana ban ruwa safe da maraice, ya kai amfaninsa kasuwa, sai ya wuni zaune ba wanda ya taya. Maƙwabcinsa kuwa, mai kaya irin nasa, kafin azahar ya kakkaɓe buhu ya nufi gida. Sai a ce ai wane farin jini gare shi. Sau da yawa ba nan take ba. Mai saye yana tafe yana dube-dube, tun daga nesa ya riga ya zaɓi inda zai tsaya. Abin da ke jawo shi kuma bai bukatar jari mai yawa. Aikin hannu ne, tun daga gida ake fara shi.

Mu ɗauki albasa. Albasar Galmi, garin nan da ke kan hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, ta yi suna har Gana da Kodebuwa. Amma sunan Galmi ba zai sayar maka da albasa mai laima ba. Idan ganye ya fara kwanciya, a daina ban ruwa kwanaki kafin a cire. A bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe, sa'an nan a kai ta rudu. Ranar jajibirin kasuwa ka shimfiɗa tabarma, ka ware manya gefe ɗaya, matsakaita gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya. Wadda ta yi laushi ko ta tsira, ta zauna gida a yi miya da ita. Mai abincin sayarwa manya take nema, uwar gida mai dala 10 a hannu ƙanana take so. Idan ka garwaya su, kowace za ta ga abin da ba ta so, ta wuce.

Gujiya ta fi bukatar kula, domin a nan maganar lafiya ce. Ƙwayar da ta yi funfuna, ko ta motse, ko ta yi baƙi, tana iya ɗauke da wata guba mai lalata hanta sannu a hankali. Suya ba ta kashe wannan guba. Saboda haka a tsince irin waɗannan ƙwayoyi a zubar. Kada a ce ai za su ɓace cikin ƙuli-ƙuli, kada kuma a ba yara.

Wake mai huda ma korar mai saye yake yi. Wasu suna zuba masa maganin ƙwari na gona don ya daɗe. Wannan haɗari ne babba ga mai ci. Akwai buhu mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwada shi. Idan wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda tam, ƙwari sai su rasa iska su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba.

To, an iso kasuwa. Kada ka zube kaya a ƙasa tsirara, ko buhu ne ka farke ka shimfiɗa. Ka share wurinka, ka nisanci juji da inda ake ɗaure jakai. Ke kuma mai fura ko ƙosai ko awara, faifai da tsumma wankakke sun fi kiran mutane da baki. Ƙudan da ya tashi daga kashi ya sauka kan abinci, shi ke kawo zawo da amai da gudawa. Ki ajiye buta da ɗan sabuni kusa da ke, in babu sabuni toka ma tana taimako. Ki yanke farce. Kuɗi sun ratsa hannuwa da yawa, don haka a ɗebi abinci da cokali ko ludayi, ba da hannun da ya karɓi canji ba.

Gaisuwa kyauta ce, amma wasu rowarta suke yi. Baƙo ya tsaya gabanka, ka ɗaga kai ka ce masa sannu da zuwa. Idan ya taya da arha ƙwarai, "albarka" ta isa, ba sai da baƙar magana ba. Yaron da aka aiko ka auna masa daidai da yadda za ka auna wa babba, domin uwarsa za ta duba, kuma ita za ta faɗa masa inda zai koma gobe.

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci kuna da abin da wasu ba su da shi. Ku samu guntun kwali da gawayi ko alli, ku rubuta kuɗin kashi ko na tiya da manyan lambobi. Akwai masu jin nauyin tambaya don kada kuɗinsu ya kasa su ji kunya. Rubutun nan yana ba su ƙarfin tsayawa.

Sai dai akwai gyaran da ha'inci ne, ni kaina ya taɓa cin ni. Wata rana ina dawowa daga rangadin azuzuwanmu, na tsaya wata kasuwar ƙauye na sayi buhun albasa. Bakin buhu manya ne jajaye, sai ƙyalli suke yi. Da aka juye a gida, ƙasan duk ƙanana ne da ruɓaɓɓu. Na sha bin hanyar nan bayan haka, ban ƙara tsayawa wurinsa ba, kuma abokan aikina duk sun ji labari. Ganin farko ba ya ƙarewa a kasuwa, sai mai saye ya je gida ya juye buhu. Haka tiya mai lotsattsen gindi, da nono mai ruwa. Wanda ya bar mai saye ya tura hannu har ƙasan buhu kafin a biya, shi ake nema da suna kasuwa mai zuwa.

Ga aikin da za ku yi a aji tare da malaminku. A ce wani yana da albasa kashi 30 a garwaye, kowane kashi dala 20. Wani kuma ya ware tasa: manya kashi 12 a kan dala 30, matsakaita kashi 12 a kan dala 20, ƙanana kashi 6 a kan dala 10. Ku tuna dala 200 ita ce jika 1. Nawa kowannensu zai kai gida idan ya sayar duka? Idan na farkon ya koma da kashi 8 da ba a saya ba, nawa ne tsakaninsu?