Darasin Lafiya: Maganin Mafitsara Yana Iya Taɓa Huhu

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan wani magani ne mai suna Nitrofurantoin. Likitoci na ba da shi ga mai ciwon mafitsara, wato mai jin zafi wajen fitsari. Yana kashe ƙwayoyin cuta sosai. Amma a jikin wasu mutane ƙalilan, yakan sa huhu ya kumbura.

Alamun su ne zazzaɓi, busasshen tari, ciwon ƙirji da numfashi sama-sama. Sukan ɓullo cikin awoyi ko 'yan kwanaki da fara shan maganin. Ga wanda ya yi wata 6 ko fiye yana sha, abin kan zo a hankali, har huhun ya yi tabo.

Alamun nan sun yi kama da na ciwon namoniya. Sai mutum ya je kemis ya ƙaro wani magani, alhali yana ci gaba da shan wanda ya jawo ciwon. Nan haɗarin yake.

Ga abin yi:
1. Dakatar da shan maganin.
2. Tafi asibiti a ranar, tare da kwalinsa.
3. Kada ka sake shan sa, ko da nan gaba.

In an daina da wuri, yawanci sauƙi na samuwa cikin 'yan kwanaki. Yanzu kun iya karatu, sai ku riƙa duba sunan magani kafin ku sha.

Tambayoyi:
1. Faɗi alamu 3.
2. Me ya sa za a tafi da kwalin?